Ranar da na ɗora kaina a hawa na biyar

Ƙanwata ce ta jawo min wannan rubutun. Tana digiri na biyu a fannin nazarin zamantakewa, kuma abin da ta ɗauko wa kanta shi ne wai sai ta auna yadda masu hali suke kallon bambancin matsayi tsakanin mutane, wato me mai shi yake tunani a kan mara shi, me kuma yake tunani a kan kansa. Kafin ta fita da takardar tambayoyin nata sai ta ce bari ta fara gwadawa a kan 'yan gida, ta turo min ta waya ta ce Yaya don Allah cike min wannan, minti goma ne kawai. Na ce ke ai kin yi ɓatan kai, masu kuɗi kike nema, ni me ya haɗa ni da su? Ta ce kai dai cike.

A shafi na biyu akwai zanen tsani mai hawa goma. An rubuta a ƙasa cewa ka ɗauka duk mutanen ƙasa suna kan tsanin nan, can sama waɗanda suka fi kowa kuɗi da ilimi da aiki mai daraja, can ƙasa waɗanda ba su da ko ɗaya daga ciki, to kai ina kake? Ko sakan uku ban yi ba na danna biyar. Har ina jin daɗi a raina wai na faɗi gaskiya, ban cika baki ba, ban kuma raina ni'imar Allah ba.

Da yamma ta kira ni tana dariya. Ta ce Yaya biyar? Na ce eh mana. Ta ce to mu ƙirga. Kana da digiri? Ina da. Albashi yana shigowa duk wata ba fashi? Yana shigowa. Mota fa? Na ce tsohuwa ce. Ta ce ban tambaye ka shekarunta ba. In yaronka ya kwana da zazzaɓi sai ka ciyo bashi kafin ka kai shi asibiti? Na yi shiru. Ta ce to in aka fita titi aka ɗebo mutum goma ba zaɓe, kana nufin biyar daga ciki sun fi ka ke nan? Nuna min su. Wallahi na so in yi gardama amma ba abin kamawa, don da na danna biyar ɗin nan ba mutanen titi nake gani a idona ba, abokan karatuna nake gani, musamman guda biyu da suka gina gidajen da in na shiga sai na ji kamar ban taɓa aiki ba a rayuwata.

Tsanin ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Nancy Adler da abokan aikinta a wata jami'a a Kalifoniya ne suka yaɗa shi wajen shekarar 2000, su kam lafiya suke bincike a kai, suna son su ga ko inda mutum yake jin yana tsaye yana da alaƙa da lafiyar jikinsa. Tun daga nan ake ta amfani da shi a ƙasashe da yawa, kuma abin da na yi shi ne abin da jama'a suka fi yi, kowa sai ya gangaro ko ya hauro ya tsaya a tsakiya. A Ajantina wasu masana tattalin arziki, Cruces da Perez-Truglia da Tetaz, sun bi gidaje sama da dubu a Buenos Aires suna tambayar mutane gidaje nawa ne a ƙasar suke samun ƙasa da abin da gidanku yake samu, suka fitar da sakamakon a 2013. Masu ƙaramin ƙarfi sun ɗaga kansu sama da inda suke, masu hali sun sauke kansu ƙasa da inda suke. Dalilin kuma ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba, mutum da waɗanda yake gani kullum yake auna kansa, kuma waɗanda yake gani kullum irinsa ne. Har sun lura waɗanda suke da abokai daga matakai daban-daban kuskurensu bai kai na sauran ba.

To amma nawa wasa ne in aka zo kan Kawu.

Kawunmu mutum ne da ba zan tsaya lissafa abin da ya mallaka ba, ya isa in ce in ciwo ya kama shi jirgi yake hawa, kuma akwai gidajen da tukunyarsu ba ta hawa wuta sai da albashin da yake biya. Shi ba ya cike abu a waya, sai da ta buga takardar ta kai masa har falo, ni ma ina wajen. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallon tsanin, can ya ɗora biro a kan shida. Ƙanwata ta ce Kawu shida? Ya cire tabaran ya ce 'yar nan ke ba ki san masu kuɗi ba ne, mu ai rufin asiri ne kawai. Daga nan ya kama lissafo mutum uku da suka fi shi, wane yana da kaza, wane jirgin ma nasa ne ba haya ba, wane ko shekara goma ya kwanta bai yi komai ba ba zai ji a jikinsa ba. Kuma fa ba ƙarya yake ba, duk sun fi shi ɗin. Matsalar tsani ke nan, in kana hawa sama kake kallo, ba mai hawa yana leƙen ƙasa sai wanda jiri ya kama.

Wannan rufin asirin ya tsaya min a rai, don ashe duk inda ka je masu hali suna da irin wannan kalmar tasu ta sassauta zance. Wata mai bincike, Rachel Sherman, ta zauna da iyaye hamsin masu dukiya a birnin Niyok na Amurka ta yi doguwar hira da kowannensu, aikin ya fito a 2017. Mafi yawansu ba sa yarda su kira kansu masu kuɗi, sai dai su ce muna cikin sauƙi, ko mun yi dace, wasu ma su ce mu 'yan tsakiya ne, su kuma nuna maka masu jirgin kansu su ce ga masu kuɗin can, daidai yadda Kawu ya yi. Abin da ya fi ba ni mamaki a ciki, akwai wadda ta ce in ta sayo kaya tana cire takardar farashin kafin ta shigo da su gida don kar mai aikinta ta gani. Ka duba fa, ba kuɗin take rage kashewa ba, ba albashin mai aikin take ƙarawa ba, takardar kawai take cirewa. Yanzu in kai ne mai auna ra'ayi, wannan matar ina za ka ajiye ta? Ta damu da bambancin da ke tsakaninsu ko ba ta damu ba? In ka ce ba ta damu ba ka zalunce ta, don da ba ta jin komai da ba ta tsaya ɓare takarda ba. In ka ce ta damu, to damuwar me ta sauya a rayuwar mai aikin? Babu akwatin da za a danna wa wannan.

Bayan rufin asiri sai labarin kaka. Shi kam ni ma na ci laifinsa ba sau ɗaya ba. Kawu yana gama lissafo waɗanda suka fi shi sai ya juya kan mahaifinsu, yadda ya tashi ba shi da ko takalmi, yadda ya yi dako ya yi kaza ya yi kaza. Duk gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba, lokacin da aka haifi shi Kawun dakon ya daɗe da zama tarihi, shi a makaranta mai kyau ya tashi kuma jarin farko ba rance ba ne. A Birtaniya sun auna wannan abin sosai. Binciken jin ra'ayin jama'a da suke yi duk shekara ya nuna a rahoton 2016 cewa kashi 60 cikin ɗari na mutanen ƙasar suna kiran kansu 'yan ajin masu aikin ƙarfi, kuma ko a cikin manajoji da ƙwararrun ma'aikata kashi 47 haka suke cewa. Sam Friedman da abokan aikinsa suka yi hira da mutum 175, 'yan wasan kwaikwayo da akantoci da masu zanen gine-gine da ma'aikatan talabijin, suka samu 36 da a zahiri gidan wadata suka tashi amma suna cewa su 'ya'yan talakawa ne, kuma in an matsa musu sai su tsallake iyayensu su kamo kaka ko ma kakan kaka da ya sha wuya. An buga wannan a 2021. Fahimtar masu binciken ita ce labarin yana yi wa mutum aiki, yana sa abin da ya samu ya zama guminsa ne ba gata ba. Ni dai da na karanta sai na tuna sau nawa na ce wa yarana babanmu a ƙafa yake zuwa makaranta, ban taɓa ƙarawa da cewa ni a mota aka riƙa kai ni ba.

Yanzu ka ga wahalar da ƙanwata ta ɗebo. Tana son auna ra'ayin masu hali, su kuma tun a ƙofa sun ce ba su ba ne.

Sauran tambayoyin nata irin waɗanda aka saba ne, a rubuta jimla a ce ka zaɓa, na yarda ƙwarai, na yarda, ina tsaka-tsaki, ban yarda ba, ban yarda ba sam. Rensis Likert ne ya fito da wannan salon a 1932 kuma har yau shi ake ta ja. Jimlolin su ne irin su "yawancin talakawa lalaci ne ya sa suke cikin talauci", "duk wanda ya dage zai samu", "ɗan mai kuɗi da ɗan talaka daraja ɗaya gare su". Kawu ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da amsar da ko malamin ɗa'a sai ya sa masa hannu. Lalaci? A'a sam, arziki nufin Allah ne. Daraja ɗaya? Ƙwarai kuwa. Ni kuma ina zaune ina tuna abin da na sha ji daga bakinsa in ma'aikaci ya makara, mutanen nan ba sa son aiki, shi ya sa ba za su taɓa ci gaba ba. Ba na cewa munafunci yake yi, ina ganin duka biyun ya yarda da su, ɗaya na falo ne in an zauna an natsu, ɗaya na bakin get ne in rai ya ɓaci. Takarda kuma na falon kaɗai take kamawa. Kuma a ganina duk yadda mutum ya yi karatu ya goge da jama'a haka yake ƙara iya gane amsar da ake so a ji, to ka ga in ka auna masu hali da irin wannan ma'aunin wataƙila ba zuciyarsu ka auna ba, iya zamansu da mutane ka auna.

Shi ya sa wasu masu binciken suka ce a daina tambaya, a tsaya a kalli abin da mutane suke yi. Wanda ya fi yin suna shi ne na Paul Piff da abokansa a jami'ar Berkeley, 2012. Sun tsaya a bakin titi wajen da doka ta ce mota ta tsaya wa mai tsallakawa, suna rubuta irin motar da abin da direban ya yi. A rukunin motoci mafi araha ba wanda ya ƙi tsayawa, a rukunin mafi tsada kusan rabi suka wuce abinsu. Labarin ya zaga duniya, don kowa yana son jinsa, ni ma da na fara karantawa cewa na yi ai dama na sani. Sai dai wasu masu bincike sun sake yin gwajin da motoci masu yawa fiye da na farko, suka fitar a 2023, ba su ga wannan bambancin ba. Wannan na biyun bai zaga ko'ina ba.

Akwai kuma na Holan da nake ganin ya fi wayo. Andreoni da Nikiforakis da Stoop suka shirya ambulan mai shara-shara wanda ana iya hango kuɗin da ke ciki, da adireshin wani a jiki, aka riƙa jefawa a akwatin wasiƙun gidajen masu kuɗi da na talakawa kamar mai raba wasiƙu ne ya yi kuskure. Gidajen masu kuɗi wajen kashi 80 suka mayar, na talakawa wajen kashi 40. Kafin wani ya ce to ashe masu kuɗi sun fi amana, su kansu masu binciken ba haka suka ce ba, sun ce kuɗin da ke cikin ambulan ɗin ba nauyi ɗaya yake da shi a gidajen biyu ba, kuma wanda bashi da matsin rayuwa suka sha masa kai ko fita neman akwatin aika wasiƙa ma wani aiki ne a wajensa. Wato ko hali ɗin ma in za ka auna shi sai aljihu ya shigo ciki. Yuro ashirin da mai kuɗi ya mayar ba abin da ya rage masa.

Wannan "ba abin da ya rage masa" ɗin shi ne inda ni na tsaya. Duk binciken da na ga ya fito da wani abu mai ma'ana, tambayar da ke cikinsa tana da tsada ne ga mai amsawa. A Amurka, Page da Bartels da Seawright sun sha wuya kafin su samu attajirai 83 a yankin Shikago su amsa musu tambayoyi, 83 kacal fa, don mai kuɗi ba a samunsa a waya, akwai sakatare akwai maigadi akwai ba ya nan. Sun buga a 2013. Da aka tambaye su ko tazarar samu tsakanin mutane a Amurka ta yi yawa, kashi 62 suka ce eh, kusan daidai da sauran jama'a. In da a nan aka tsaya sai a rubuta cewa attajirai da talakawa bakinsu ɗaya. Da aka ce to aikin gwamnati ne ta rage tazarar? Kashi 13. Da aka ce gwamnati ta tabbatar duk mai son aiki ya samu aiki, su kashi 19, sauran jama'a kashi 68. Mutanen nan dai su ne, zaman nan dai shi ne, tambaya ta farko jaje ce, ta biyun haraji ce.

Elisa Reis da Mick Moore ma sun haɗa wani aiki a 2005 a kan yadda manya suke kallon talauci a ƙasashe biyar, Brazil da Afirka ta Kudu da Bangaladash da Filifin da Haiti. A Brazil manyan sun yarda talauci babbar matsala ce, amma laifin na gwamnati ne, maganin da suka fi so kuma shi ne ilimi. Ilimi abu ne mai kyau, ba mai musu, amma yana da wani daɗi na daban a bakin mai hali, shi ne maganin da ba ya buƙatar a karɓi komai daga hannunsa yau.

Na ce wa ƙanwata to ai shikenan, in matsalar rashin sanin matsayi ne a riƙa faɗa wa mutane gaskiyar inda suke a kan tsanin mana, in mutum ya san yana sama zai fi sakin hannu. Ta ce Yaya an gwada. A Suwidin an tambayi mutane inda suke ganin suke, yawancinsu suka sauke kansu ƙasa, sai aka ɗauko ainihin bayanan samunsu aka nuna wa wasu cewa kun fi yadda kuke zato. Sakamakon da ya fito a 2017 shi ne waɗanda aka faɗa wa sun ƙara ja baya daga son a raba arziki, musamman waɗanda dama can ra'ayinsu ya karkata wajen a bar kowa da abinsa. Ashe wani in ka ce masa kai fa kana sama, abin da yake ji shi ne kai fa za a cira.

Daga baya ta sake takardar gaba ɗaya. Tsanin yana nan amma ta ƙara tambaya a bayansa, wa ka tuna da shi lokacin da kake zaɓa? Ta ƙara wata, ka faɗi aikin mutum biyar na ƙarshe da ka ziyarta a gidajensu don zumunci ba don wata buƙata ba. Sai kuma ta aro wani tsohon salo na Emory Bogardus, tun shekarun 1920, shi don ƙabilu ya yi nasa, ana tambayar mutum har ina zai bar wani ya matso kusa da shi, zama a ƙasa ɗaya, aiki tare, maƙwabtaka, abota, har zuwa aure. Ita sai ta mayar da shi kan matsayi. Za ka yarda ɗan direbanka ya zauna aji ɗaya da ɗanka? Ya zama babban abokinsa? Ya zama shugabansa a wajen aiki? Ya auri 'yarka?

Muka koma wajen Kawu da sabuwar takardar. Aji ɗaya, ya ce me zai hana, ai ni nake biya wa wasu ma. Abota, ya ce in yaron kirki ne. Shugaba a wajen aiki, ya ɗan yi jim ya ce in ya cancanta. Da ya zo ta ƙarshen sai ya karanta ta sau biyu, ya ajiye biron a kan tebur, ya kalle ta ta saman tabarau ya ce 'yar nan wa ya koya miki irin wannan tambayar? Ta ce Kawu bincike ne, ba sunan kowa a jiki. Ya ce aure ai ba a yi masa fom, abubuwa da yawa ake dubawa, tarbiyya, asali, fahimtar juna, ba maganar kuɗi ba ce sam. Ta ce to in sa maka eh? Ya ce bar shi haka nan, zan duba. Har yau takardar tana wajensa.

Tawa kuma na cike ta a daren. Mutum biyar da na ziyarta, likita, ma'aikacin banki, malamin jami'a, ɗan kasuwa, sai Kawu. Na koma kan tsanin na daɗe ina kallonsa, na goge biyar na danna bakwai na tura mata. Ba a yi minti ɗaya ba ta dawo min da saƙo, Yaya bakwai? Na ce ke ki bar ni haka, motar fa da gaske tsohuwa ce.